Stamenka Ristanovic, Mai Fito a Kogin Drina

Haihuwa da Asali

An haifi Stamenka Ristanovic ranar goma sha tara ga watan Oktoba na shekarar 1906, a ƙauyen Topolik da ke gaɓar gabas ta Kogin Drina, tafiyar yini guda daga garin Zvornik, a cikin Masarautar Sabiya. Mahaifinta, Vidak Ristanovic, mai fito ne, wanda ya gaji jirgi da mashigi daga nasa mahaifin. Mahaifiyarta kuwa, Perunika, 'yar Brestova ce, ƙauyen da ke fuskantar Topolik daga gaɓar yamma, kusa ainun har ana jin carar zakarunsa. A wancan zamani kogin shi ne iyaka: gabas Sabiya, yamma Bosniya, wadda daular Ostiriya ta karɓe daga hannun Turkawa tun shekarar 1878. Don haka Perunika ba ta ziyartar iyayenta sai da takardar izini, kuma ranar da ta sauka lafiya, sai da Vidak ya tsaya bakin ruwa ya ƙwala wa surukansa albishir da iyakar muryarsa. Mahaifin Perunika ya harba bindiga sama don murna, masu gadin iyaka suka tsare shi kwana biyu, ya fito yana cewa jikar ta cancanci kwana huɗu.

Karatu

A watan Satumba na 1913 aka sa ta makarantar da ke harabar coci, inda wani dattijo mai suna Sreten yake koyarwa. A shekarar nan ne ƙasar ta faɗaɗa kudu bayan yaƙe-yaƙen Balkan, har ta haɗa da Kosovo da kwarin Vardar, kuma da yake ba a aiko da sabuwar taswira ba, sai malamin ya liƙa farar takarda a ƙasan tsohuwar ya zana ƙarin da hannunsa. Daga bakinsa ta haddace cewa kogunan Danub da Sava ne iyakar arewa, kogin Timok da manyan duwatsu ne ta gabas, kogin Morava na ratsa tsakiya, Drina kuma ita ce bangon yamma. An ruwaito cewa wata rana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kakata fa, ina take a jikin takardar nan?"

Ya nuna mata bayan shuɗin layin Drina.

Ta ce, "To ai harshenmu ɗaya, kuma jiya ma na hango ta tana shanya."

Malamin ya ce, "Zauna, 'yar mai fito. Wannan tambaya ta fi ƙarfin ajin nan."

Shekara ɗaya tak ta yi a makaranta, amma ta fito tana karatu da rubutu, kuma har ta tsufa ba ta ambaci Sreten ba face ta roƙa masa rahama.

Yaƙin Farko da Maraici

A watan Agusta na 1914 rundunar Ostiriya ta ƙetaro Drina. Vidak ya cika jirginsa da duwatsu ya nutsar da shi bisa umarni, sannan ya bi sojoji. Perunika ta ɗauki Stamenka da ƙanenta Mladen suka yi gudun hijira zuwa cikin ƙasa, inda annobar zazzaɓi ta kashe yaron a farkon 1915. Vidak ya rasu a ƙarshen shekarar, cikin dusar ƙanƙara, lokacin da rundunar Sabiya ke ja da baya ta duwatsun Albaniya, kuma ba a san kabarinsa ba. Da suka dawo Topolik a bazarar 1916, sun tarar da gida ba rufi, rumbu ba ko ƙwaya. Mutanen Brestova ne suka rufa musu asiri: kawunta Savo, yayan Perunika, yana ƙetarowa da ƙaramin kwalekwale ɗauke da garin masara da wake, wasu daga gidansa, wasu daga maƙwabta Kirista da Musulmi waɗanda ba su manta da Vidak ba. Stamenka ta sha faɗin cewa masarar Brestova ce ta gina mata ƙashi.

Sana'ar Fito

Da yaƙi ya ƙare a 1918, aka kafa sabuwar masarauta da ta haɗa Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa, kogin ya daina zama iyaka, aka rushe bukkokin masu gadi aka yi makamashi da katakonsu. A 1919 Savo ya tara maza suka tsamo ƙarafan tsohon jirgin, suka ƙera sabo mai faɗi, wanda ke ɗaukar amalanken shanu biyu, ana jan sa a jikin igiyar ƙarfe da aka ɗaure daga gaɓa zuwa gaɓa. A hannunsa Stamenka ta koyi ruwa: idan ya yi kore shar lafiya lau, idan ya yi launin ƙasa yana ɗauko rassa to an yi ruwa a duwatsu, sai a yi hattara. A 1923 ciwon baya ya kwantar da Savo, ta karɓi jirgin tana da shekara goma sha bakwai, duk da gunagunin dattawa. Ta fitar da amare da gawawwaki, da tumaki da aladu, da limaman coci da na masallaci, wani lokaci a tafiya guda. A 1929 aka sauya wa ƙasar suna zuwa Yugoslabiya, aka haɗa gaɓoɓin biyu cikin lardi ɗaya da aka raɗa wa sunan kogin, abin da ya sa Perunika ta ce yanzu kam hukuma ta gane abin da kaji suka daɗe da sani.

Aure da Zuri'a

Mijinta, Obrad Kandic, kafinta ne daga Brestova wanda ya zo gyaran jirgi a 1926. Bayan an gama gyaran sai ya ci gaba da ƙetarowa kullum ba tare da wani uzuri ba, har ranar da ta ce masa, "Kai Obrad, korar ka aka yi daga gida ne? Kullum ka zo hannu wofi, ka koma hannu wofi."

Ya ce, "Abin da nake zuwa ɗauka ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Ta ce, "To ka zo da manyanka su kama maka, ka daina cika min jirgi."

An ɗaura auren a watan Nuwamba na shekarar. Da yake mashigi ba ya ƙaura, Obrad ne ya tare a gidanta, abokansa suna tsokanar sa da mijin jirgi, jama'a kuma suka ci gaba da kiran ta da sunan mahaifinta. Allah ya ba su Radosav a 1927, Dobrila a 1930, Vukadin a 1934, Zorka a 1938, da auta Milorad a 1947. Aminiyarta Zumra, matar Avdo mai injin niƙa a Brestova, Musulma, ita ta yi wa Dobrila askin farko, wanda ya mai da gidajen biyu 'yan'uwa bisa al'ada. Perunika ta rasu a 1939.

Shekarun Mamaya

A watan Afrilu na 1941 Jamus ta mamaye ƙasar, aka kama Obrad, wanda aka ɗauka soja, tare da rundunarsu aka tafi da shi sansanin fursunoni. Aka yanka Yugoslabiya gunduwa-gunduwa, Drina ta sake zama iyaka, gaɓar yamma ta faɗa ƙarƙashin wata sabuwar gwamnati, aka sa wa jirgin sarƙa da kwaɗo, mabuɗin yana hannun wani saje.

Wata safiya a ƙarshen Afrilu na 1942, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ta narke kogin ya cika ya batse, hayaƙi ya tashi daga ƙauyukan da ke bayan Brestova. Kafin hantsi gaɓar yamma ta cika da mata da yara da tsofaffi, suna ɗaga hannu suna kiran sunanta, ana jin harbi yana matsowa daga tudu. Stamenka ta je wurin sajen ta nemi mabuɗi.

Ya ce, "Uwata, umarni aka ba ni. In na buɗe, ni za a rataye."

Ta ce, "Ba buɗewa za ka yi ba. Ka tafi bayan gidana akwai gahawa a kan wuta. Ni ce na sare sarƙar, da gatarin mijina, kana can kana sha."

Ya dubi ruwan, ya dubi mutanen, ya ce, "Gahawar taki, tana da sukari?"

"Babu. Yaƙi ake yi."

Ya juya ya tafi, ta sare sarƙar. Ita kaɗai ta ja jirgin a tafiyar farko. Daga nan matan da ta fitar suka ƙi sauka, suka kama igiya tare da ita har tafin hannuwansu ya yi jini. Sau goma sha ɗaya suka je suka dawo. A tafiya ta goma sha biyu, jirgin yana tsakiyar ruwa cike da mutane, harsashi ya tsinka igiyar, ruwa ya fizge su. Stamenka ta sa kowa ya kwanta, ta ɗauki doguwar sandar tuƙi, ta bar ruwan ya ɗauke su har lanƙwasar da ta san yana jefa itace a gaɓar gabas, a nan ta kafe sandar, jirgin ya daki yashi ba wanda ya faɗa. Limamin Topolik ya rubuta sunayen mutum ɗari uku da arba'in da suka kwana a cocinsa ranar. Waɗanda suka rage a can ba su tsira ba, kuma a cikinsu akwai kawunta Savo, wanda ya ƙi shiga jirgi kafin yara su ƙare.

A hunturun da ya biyo baya sai wasu 'yan bindiga dabam suka auka wa gidajen Musulmin Brestova. Stamenka ta fito da kwalekwale cikin hazon safiya ta ɗauko Zumra da 'ya'yanta biyar, ta ɓoye su a rumbun masara mako bakwai. Da wani maƙwabci ya gane, ya ce mata, "Kin san su waye kike ciyarwa kuwa?" sai ta ce, "Na sani sarai. Uwarka ma da na tsamo a watan Afrilu ban tambaye ta cocinta ba. Je ka ka faɗa, in ka iya haɗa ido da ita bayan nan." Bai faɗa ba.

Zaman Lafiya

Radosav ya rasu a fagen daga a filayen Srem a watan Afrilu na 1945, yana da shekara goma sha bakwai. Obrad ya dawo a watan Agusta, a rame, amma da ransa. A ƙarƙashin sabuwar Yugoslabiya ta 'yan gurguzu kogin ya zama layi kawai tsakanin jihohi biyu na ƙasa ɗaya, jirgin ya koma mallakar ƙungiyar manoma, Stamenka kuma ta ci gaba da jan sa a matsayin ma'aikaciya har 1964, lokacin da aka gina gada a ƙasan ƙauyen. An girmama ta da fara takawa, ta dawo ta ce jiri ya ɗebe ta, don ba ta saba ƙetare ruwa hannunta ba aiki ba. Kowace shekara, ranar bikin waliyyin gidansu a watan Disamba, waɗanda ta fitar da 'ya'yansu suna cika tsakar gidanta da zuma da cuku da safar ulu, ita kuwa takan ce su gode wa matan da suka kama igiya da kuma sajen da ya fi son gahawa. Obrad ya rasu a 1971, Zumra a 1987.

Ƙarshen Rayuwa

A 1992 ƙasar ta sake wargajewa, aka gitta ƙarfe a tsakiyar gada, ana jin igwa daga tsallake. Ƙarfin jan jirgi ya ƙare mata, amma ta buɗe gidanta ga masu gudun hijira, wani lokaci har mutum ashirin. An ƙone injin niƙan Avdo, kuma shekara huɗu ba ta san halin da jikokin Zumra ke ciki ba, sai a 1996 wasiƙa ta iso daga Suwidin cewa bakwai daga cikin tara suna raye. A watan Agusta na 1995 Vukadin, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa shekara talatin a Kuroshiya, ya iso a kan tarakta bayan tafiyar kwana goma cikin ayarin 'yan hijira. Ya ce, "Iya, akwati ɗaya na tafi da shi, akwati ɗaya na dawo da shi." Ta ce, "Ka dawo da ƙafafunka biyu da matarka. Shiga ka ci wake." Da wani ma'aikaci mai rajistar baƙi ya tambaye ta, "Kaka, ke a wace ƙasa aka haife ki?" sai ta nuna masa ɗakin baya ta ce, "A can, ɗana. Ƙasar ce kuke ta sauya wa suna, ɗakin bai motsa ba."

Rasuwa da Jana'iza

Stamenka Ristanovic ta rasu da hantsin ranar shida ga watan Maris na 1997, a gidan da aka haife ta, tana da shekara casa'in, bayan jinyar kwana tara. Ta ce wa limamin da ya zo mata da addu'a ba ta da ƙorafi: an ciyar da ita lokacin yunwa, an kama mata lokacin nauyi, kuma cikin shekara arba'in da ɗaya ruwa bai taɓa ƙwace mata mutum ba. An binne ta bayan kwana biyu a maƙabartar da ke tudun Topolik, kusa da mijinta, an jinkirta addu'ar har azahar domin masu zuwa daga yamma su gama layin nuna takardu a gada.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Dobrila, malamar makaranta mai ritaya, da ke aure a Brestova ta ƙasar Bosniya, Vukadin, wanda har lokacin yake riƙe da katin ɗan gudun hijira, Zorka, ma'aikaciyar jinya a Skopje ta ƙasar Masedoniya, da Milorad, manomi, wanda ya riƙe gidan a Topolik. Ta kuma bar jikoki goma sha ɗaya da tattaɓa-kunne goma sha tara. Shekara shida ke nan 'ya'yan huɗu ba su haɗu wuri ɗaya ba sai a bakin kabarinta, kowa da irin takardar da ke aljihunsa, kuma bayan an watse sun koma gida sun ci abinci a teburi ɗaya. Allah ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi.