Kwana Huɗu a Tsakiyar Teku

Ni ɗan wani ƙauye ne da ke yamma da Bici, inda gona ke manne da gona, har in ka yi tari a taka maƙwabci ya yi maka sannu daga tasa. Shekarar da aka tura mu malaman gona ƙasar Girka wani gajeren kwas, wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya ce in raka shi ya gano mahaifinsa. Sai da muka isa bakin ruwa ya gaya mini garin nasu tsibiri ne.

Sanyinsu ya fara ja da baya a lokacin, masu yawon buɗe ido ba su soma zuwa ba. Mu bakwai ne a jirgin, sai buhunan fulawa. Na riƙe ƙarfe ina kallon ruwa har ƙasa ta ɓace, ban da tasbihi ba abin da ke fita daga bakina.

Garin fari ne fat, a jikin dutse. Shaguna a rufe, an kifa kujeru a kan tebura, kyanwoyi na kwance a tsakiyar hanya. Na yi tafiya mai nisa ban haɗu da wanda zan gaisar ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Gangaren duwatsun kuwa ya cika da furanni ja da rawaya, ba wanda ya shuka su, ba dabbar da ta taɓa su.

Mahaifin nasa tsoho ne gajere mai kaurin hannu. Da ɗansa ya ce masa ni manomi ne, sai ya kama tafin hannuna ya shafa, ya yi dariya, ya ja ni bayan gari. A can ya nuna mini gonakinsu: matakala ce ta duwatsu, an jera su da hannu tun daga bakin teku har ƙololuwa, kowane mataki ya riƙe 'yar ƙasar da ba ta fi tabarma uku ba.

Na ce, "Baba, wa ya ɗora waɗannan?"

Ɗan ya fassara masa. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kakana ma haka ya tarar da su. Ƙasar ma a kwando aka hau da ita."

Na tsuguna na damƙi ƙasar.

Da azahar ta yi na tambayi gabas. Tsohon ya tsaya a ƙarƙashin wata zaituniya mai kogo, ya miƙa sandarsa kan ruwa. Na shimfiɗa rigar sanyina na yi salla, teku a gabana har iyakar gani. Da na sallame na tarar yana tsaye nesa kaɗan, ya cire hularsa yana jirana.

Kwana biyu muka yi niyya, iska ta hana jirgi zuwa, muka yi huɗu. Na taya shi gyara wani bangon da ruwan sama ya rusa, yana zaɓen dutse ina miƙa masa. A rana ta ƙarshe ya bar ni na ɗora guda uku da kaina. Ya girgiza su da ƙafa, biyu suka zauna, ɗayan ya cire ya juya shi ya mayar.