Mai Shayin Da Ba Ya Cin Burodi

Matso nan, ga gefen tabarma, in ba ka labarin Tsoho mai shayi na bakin tashar Ƙauran Namoda. Sunan kakansa ya ci. Lokacin da abin nan ya faru ko furfura bai fara ba.

Tun yana saurayi yake kan teburin nan. Direbobin Shinkafi ba sa kama hanya sai sun kurɓi shayinsa. Shi kuwa karin kumallo burodi, da rana burodi, wanda ya kwana bai sayu ba ma shi ke cinyewa.

Sai ciki ya tasa shi a gaba. Kumburi, gudawa, rama har wando ya daina zama a ƙugu. Aka ce taifot, ya sha magani. Aka ce olsa, ya bar yaji. Matarsa Yalwa ta shiga tarairaya irin tamu, wai marar lafiya ba ya son tuwo mai nauyi. Kullum sai ta murza masa taliya, masu dubiya kuma kowa da burodinsa a leda.

Abin mamaki, duk kaka in ya je Zurmi taya yayarsa Asiya girbin gero, sai ya murmure. Da ya dawo tebur, ciwo ya dawo.

"Wanga ba ciwon asibiti ba ne," in ji Asiya. "Binne aka yi maka a tashar. Wa ke kusa da kai in ba Idi ba? Bar musu teburin."

Idi mai tsire ne, maƙwabcin teburinsa tun farko. Tsoho ya fara amsa gaisuwarsa ciki-ciki, har ya sa ranar kwashe kayansa.

Idin ne ya tare shi. "Kai, sai hararata kake kamar na sace maka akuya. Tashi mu tahi Gusau. In ka mutu wa zan riƙa tsokana?"

Likitar da suka samu ta saurari zancen Zurmi, ba ta yi dariya ba.

"A can me kake ci?"

"Abin ƙauye dai, likita. Hura, tuwon dawa."

"Burodi fa?"

"Wa zai ba ni burodi a gona?"

Ta ce tana zargin wata cuta, siliyak, wadda hanjin mai ita ba ya jure wani sinadari da ke cikin alkama. Tsoho ya ce daga yau ya bar burodi.

"A'a, ba yau ba," in ji ta. "In ka bari kafin a gama gwaji, ba za a ga komai ba."

Aka ɗebi jini, aka sa masa ranar duba hanji a Sakkwato. Makonnin nan ya yi su yana cin abin da ya san shi ke cinsa, Idi na gefe yana cewa, "Ci maganinka, malam."

Sakamako ya tabbatar da zargin likita. Yalwa ta sa kuka. "Ashe da hannuna nike murza maka ciwon!"

"Da hannun nan dai za ki dama min hura," in ji Tsoho.

Yau in ka je tashar, yana nan. Ya yanka maka burodi, ya shafa bota, ya wanke hannunsa tas, ya jawo kwanon furarsa. Wando ya zauna. Asiya na aiko masa da gero duk kaka, da wani ƙunshi daban na Idi, ba ta taɓa faɗin dalili ba. Idi ma bai taɓa tambaya ba.

In aka yi zancen, Tsoho sai ya ce alhamdulillahi, Allah Ya sa ciwon ya samu suna kafin ya rasa tebur da maƙwabci.

To kai da kake saurare, in za ka dubiya gobe, me za ka riƙe a ledar?