Mai Karanta Bayan Tanka

Mai sayar da tikiti ta kasa ɗauke ido daga matar nan da ke jiran mota. Kakin 'yan kwana-kwana ne a jikinta, sabo fil, takalmin ma ya fi ƙafarta. Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama, tana jujjuya wasu katuna masu zanen harshen wuta da ƙoƙon kan mutum. Leɓɓanta na motsi: wannan guba ne, wannan yana cin fata, wannan in ya ji ruwa sai ya fashe. Da alama sabuwar ɗauka ce, ana koya musu gane kaya masu haɗari. Wataƙila akwai uwa a gida da ba ta so aikin ba.

Sai ga wata tanka ta tsaya bakin tasha, tana ɗiga. Matar ta ƙura wa jar alamar da ke bayan tankar ido, ta duba katinta, ta ruga wajen wani dattijo da ke shirin kunna taba.

"Baba, don Allah kada ka ƙyasta, mu matsa."

"'Yar nan, ina wutar take?"

"Babu, Baba. Kuma ba na so mu gan ta."

Ta buɗe hannuwa tana kora mutane baya, har da direbobi.