Haƙorin da Ya Koma Kogi

Shekara arba'in da ɗaya Baba Agogo ya yi a shago guda, wani ɗan lungu tsakanin mai faci da mai aski, madubi manne a ido ɗaya, ɗan hantsaki a hannu. Duk agogon da aka kawo masa sai ya kai shi kunne ya saurara tukun, kafin ya ce wa mai shi uffan. Ba shi da yawan magana, sai fa in ka yi gangancin tambayarsa abin da ke cikin gwangwanayen madarar da ya jera a kan kanta. To ranar ka shiga uku, aikinka ya tashi.

Duwatsu ne a ciki, ko da yake shi ba ya yarda a ce duwatsu. Haƙoran manyan kifaye ne, in ji shi, na zamanin da teku ya rufe wurin nan kaf, suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Duk shekara in ruwan kogi ya ja baya sai ya rufe shago yini guda, ya kwashi iyalinsa da rariya da shebur, a tafi tono. Matarsa tun tana mita har ta fi shi iya nema, kuma har Allah ya yi mata rasuwa yana musun haka.

Bana ido ya ƙi. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu ma sai dishi-dishi. Shago ya koma hannun wani, gwangwanaye suka dawo gida, kusa da gadonsa. Ana gobe tafiya kogi ya dubi babbar 'yarsa, Malama, wadda shi kaɗai ke kira Uwata, ya ce, “In na dawo hannu wofi, na gama da kogi. Ba zan zama kayan da ake ɗauka a ajiye a bakin ruwa ba.”

Malama ta san halin ubanta, in ya faɗa ya faɗa. Ta kuma san tun da ya bar shago babu abin da yake tambayar ranarsa sai kogin nan. In ya bar shi, saura kujera da bango. Abin ya tsaya mata a rai. Da safe, yana banɗaki, ta shiga ɗakinsa ta buɗe gwangwanin farko, ta zaɓi haƙorin da ya fi girma, baƙi wuluk, wanda ko mai rabin ido zai gani. Ta ƙulle shi a bakin gyale.

Ƙaninta Direba ne ya kai su. Ruwa iya gwiwa, ga sanyi. Aikin ba wuya: a ɗebo tsakuwa da shebur a zuba a rariya, a girgiza cikin ruwa har yashi ya zube, sannan a duba. Kafin hantsi Direba ya tsinci uku, sai cika baki yake. Autar Malama ta samu ɗaya, ta kai wa kakanta har hanci tana cewa, “Tsoho, ni ma na fi ka.” Ya ce ta jira, bai fara ba tukun. Amma Malama na kallonsa, yana ɗaga rariya har tana taɓa gemunsa, ya ƙura ido, ya zubar, ya ce a ƙaro. Da rana ta take ya daina ba'ar ma.

Sai ta karɓi shebur daga hannun Direba. Ta ɗebo, ta juya baya, ta kwance bakin gyale, ta saki haƙorin cikin tsakuwar, ta zuba wa Baba a rariya.

Baba ya girgiza, ya sa hannu yana baza tsakuwa, sai hannun ya tsaya. Bai ɗaga abin ya duba ba. Babban yatsa kawai yake bi da shi, daga tsini zuwa tushe, ya sake dawowa. Direba, da bai san komai ba, ya fara tafi. Baba ya ce, “Uwata, matso nan.”

Ta matso.

“Kin ji wannan gurbin a tushe? Mahaifiyarku ce ta yi shi. Ranar da ta tsince shi ta kai baki ta ciza, wai ta ga ko da gaske dutse ne. Tana da cikinki a lokacin.” Ya sake shafa gurbin. “Kullum da safe sai na taɓa shi. Yau na laluba, na zazzage gwangwanin, ban ji shi ba. Tun safe nake cewa a raina, shi ke nan, hankalin ma ya bi idon.”

Kunya da tausayi suka rufe Malama lokaci guda. Ita da ta zo gyara, ashe rabin yini ta bar tsohon nan yana tsoron kansa. Ta durƙusa a cikin ruwan da zanenta da komai, ta ce ya yafe mata.

“Kai, Allah ya shirye ki,” in ji shi, yana dariya ƙasa-ƙasa. “Gwangwani goma sha huɗu, ki rasa wanda za ki sata sai wannan. Malamar makaranta guda, ko satar ma ba a iya ba.”

Ta share fuska ta ce, “To Baba, ai ba da ido ka gane shi ba.”

Ya sa haƙorin a aljihun gaba ya maɓalle. Can sai ya zauna daram a kan wani dutse, ruwa har ƙugu, ya ɗora rariya a cinya, ya rufe idanun duka biyu. Ya ce, “Zubo.”

Har la'asar suna zuba masa, yana bin tsakuwa ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan da suka yi shekara arba'in suna kama allurar agogo. Abin da ya samu, fasasshiyar kwalba da murfin lemo. Ko haƙori ɗaya babu.

A mota, kan hanyar dawowa, Malama tana jiran ya faɗi maganar barin kogi, ta kasa ko kallonsa. Sun kusa gida ya gyara murya.

“Rariyar nan idonta ya yi faɗi,” ya ce. “Ina jin ƙanana suna sulluɓe mini ta ƙasa. Baɗi a nemo mai ƙananan ido.” Ya dafa aljihunsa. “Ke kuma, Uwata, gobe ki sayo mini kwaɗo, zan sa wa ƙofar ɗakina.”