Benen Malam Isa

Malam Isa manomin albasa ne daga Masama, ya dawo Gwandu da zama tun yana da ƙarfinsa. Shi ne ya fara zuba rufin kankare a unguwarsu. Da aka gama, ya hana a yanke rodin da ya leƙo sama, ya ce nan zai ɗora wa ɗansa Abdulhakeem bene in ya isa aure. A lokacin ana goyon yaron.

Rodin ya zauna a tsaye, rana ta doke shi, ruwa ya bi shi ciki. Matarsa Hafsat ta ɗaura igiyar shanya a jiki. Shi kuma duk damina can saman rufin yake jibge takin zamani, don awaki ba sa hawa. Buhu ya fashe, taki ya narke, bai dame shi ba. Da jan tabo ya fito a saman ɗakin Hafsat, ya riƙa shafe shi da fenti kowace Sallah. A ganinsa kankare ba ya tsufa.

Bana aka sa ranar Abdulhakeem. Malam Isa ya kira magini daga Kalgo, ya hau da shi sama yana ta fahari. Maginin ya kama rodi ɗaya don ya miƙar da shi, sai ya karye a hannunsa kamar karan dawa. Malam Isa ya ce wannan ɗin ne kawai. Na biyu ma ya karye.

Suka sauko ɗakin Hafsat. Maginin ya ƙwanƙwasa rufin da guduma, ɓangare guda ya ɓallo, ya faɗa kan katifa, daidai inda take sa kai. Ƙarfen ciki ya kumbura, tsatsa na zuba kamar garin barkono. Maginin ya ce tsatsar ce ta tsage kankaren daga ciki, takin nan kuma ya ƙara mata ci.

"Baba, maganar bene ta wuce. Kada kowa ya sake kwana a nan," in ji maginin.

Malam Isa ya tsaya yana kallon katifar. Hafsat ta janyo tabarmarta ta kakkaɓe.

"Malam, sai a fitar da awakin."

Ɗakin ƙasar da ya raina ya bar wa dabbobi, shi suka share kafin la'asar. Amarya kuwa gidan haya za a kai ta.