Littafin Ban-Ruwa a Hannun Mai Ƙosai

Ni na matsa wa manoman rani na Zobe su bar tsohon littafinsu. Na yi musu manhaja mai nuna ranar ban-ruwan kowa, na ɗora ta kan sabar, wato ma'ajiyar bayanai, da na kama haya a intanet. Har da cika baki, wai can gara ba ta ci. Shugabansu ya kyautar da littafin ga wata mai ƙosai a Dutsin-Ma.

Wata Laraba ina Kurfi, na tashi goge bayanan gwaji ta waya, sai na goge na gaskiyar. Suna kusan iri ɗaya na sa musu, kuma don shegen lalaci ban taɓa ajiye kwafi ba.

Na san mutanen nan, an sha fasa kai da fartanya a kan ruwa, ga shi gobe da sassafe kowa zai duba wayarsa.

Na hau babur sai Dutsin-Ma. Na tarar da mai ƙosan tana naɗe wa wani ƙosai a takarda.

"Inna, littafin nan fa?"

Ta ɗaga mini bangon, duk mai.

"Saura shafi uku, ɗan nan."