Ramin da Maƙwabta Suka Haƙa wa Babana

Babana ya rasu da hantsi, tsakiyar bazara, a gidanmu na Sabon Gari, zamanin Faransawa. Shi ne faston 'yar majami'armu ta Maraɗi, wadda ko ranar da ta cika ba a rasa wurin shimfiɗa tabarma. Ni ne babban ɗansa, tela, na iya riƙon almakashi amma ban taɓa binne kowa ba. Inna ta rufe masa ido ta dube ni, na gane abin ya faɗo kaina. Da irin zafin nan gawa ba ta kwana, dole a sa shi ƙasa kafin rana ta faɗi.

To wa zai haƙa? Dattawan majami'armu yawancinsu waɗanda kuturta ta taɓa ne, Baba ya yi shekaru yana wanke musu gyambo. Niyya akwai, yatsun riƙe dagi ne babu. Samarinmu kuwa kumandan Faransawa ya sa an kwashe su aikin hanya. Dangin Baba na Jiratawa sun fita harkarsa tun ranar da ya ƙi yin yanka a tsafin gidansu. Na aika musu ba don na sa rai ba, na kuma aika Tsibiri wurin Baturen mishan.

Maƙwabtanmu Musulmi ne. Babu gidan da Baba bai shiga ba a unguwar, ya cire wa wannan haƙori, ya naɗe wa wancan kurkunu a tsinke, shekarar sanƙarau kuma shi ke kai kunu ɗakunan da aka guje wa. Amma na ji tsoron roƙonsu, kada su ce a'a in kasa haɗa ido da su har abada. Na ɗauki dagi na tafi bayan majami'a ni kaɗai. Ƙasa ta bushe kamar dutse. Kafin in yi zurfin taƙi ɗaya tafin hannuna ya saɓule.

Ina cikin haka sai ga tsohon mahaucin da ke katanga ɗaya da mu, shi da 'ya'yansa maza. Kullum da yamma shi da Baba sai sun yi gardamar addini har tuwo ya huce.

"Ɗana, aje dagin nan, ka tahi ka zamna da Innarka," in ji shi. "Salla dai ba mu yi mishi, ka sani. Rami kuwa bar mana."

Bayan azahar motar mishan ta iso da Bature da akwatin katako sabo. Muka sa Baba, muka ɗauka, dattawa na biye da waƙa. Da muka isa muka zura akwatin, sai ya tsaya cak a sama. Na leƙa ƙasa. Maƙwabta sun haƙa yadda suka sani: rami mai faɗi a sama, sannan siririn rami a ciki, daidai mutum ya kwanta a gefensa. Har itacen jerawa sun sare sun ajiye. Ba su taɓa ganin an binne mutum da akwati ba, mu kuma babu wanda ya tuna ya faɗa musu.

Bature ya ce a faɗaɗa. Faɗa da baki ai da sauƙi. La'asar ta kawo jiki, hannuwan 'ya'yan mahauci duk sun fashe, faɗaɗa wannan ƙasa sai duhu. Raina ya ɓaci da akwatin, da wanda ya kawo shi, da ni kaina. Wani dattijonmu ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, in ka hidda shi daga akwatin, gobe a ce fasto ya sauya addini kahin ya mutu." Wannan tsoron ni ma ina da shi. Mahauci kuwa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Ɗana, mun yi ɓarna ko?" Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Na ce masa, "Ba ku yi ba, Baba." Na ce a buɗe akwatin.

Muka fito da shi cikin farin ƙyallen da na ɗinka da safe. Na sauka ramin, mahauci ya miƙo mini kafaɗun Baba. Sai ya durƙusa a baki ya tambaye ni a hankali, "Ku wane gehe kuke juya huska?"

Ban sani ba. Na dubi Bature, ya ce ba mu da doka a kan haka. Gabas daji ne, yamma unguwarmu. Na juya shi ya fuskanci unguwa. Mahauci ya fara miƙo mini itace ɗaya bayan ɗaya.